Haƙora Huɗu a Hawan Angliru: Nazarin Zaɓin Giya a Tseren Vuelta na 2011

A ranar Lahadi, 4 ga Satumba, 2011, zango na 15 na tseren keke na zagaye ƙasar Sifaniya, wanda ake kira Vuelta, ya tashi daga garin Avilés ya ƙare a ƙololuwar dutsen Angliru da ke yankin Asturias, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 142. Da safiyar ranar, Bradley Wiggins ɗan Birtaniya ne ke sanye da jar riga, wato rigar wanda ke kan gaba a jimillar lokaci. Abokinsa na ƙungiyar Sky, Chris Froome, yana biye da shi da tazarar daƙiƙa 7, shi kuwa Juan José Cobo, ɗan Sifaniya da ke ƙungiyar Geox, yana can baya da daƙiƙa 55. Kafin rana ta faɗi al'amarin ya juye. Cobo ya tsere wa sauran yayin da ya rage kusan kilomita 6, ya isa saman dutsen shi kaɗai, Froome ya iso bayan daƙiƙa 48, Wiggins kuma bayan minti 1 da daƙiƙa 21. Da aka haɗa da garaɓasar daƙiƙa 20 da ake bai wa wanda ya ci zango, jar rigar ta koma jikin Cobo, ya ba Froome tazarar daƙiƙa 20, ya ba Wiggins 46.

Abin da ya sa wannan rana ta cancanci nazari shi ne wani ƙaramin bambanci da ke jikin kekunan. Rahotannin wancan lokaci sun nuna cewa giya mafi sauƙi a keken Cobo ita ce 34×32, ta mahayan Sky biyun kuwa 38×32. Lambar farko ita ce yawan haƙoran ƙaramin farantin gaba, wanda feda ke juyawa, ta biyun kuma yawan haƙoran faranti mafi girma a cikin jerin farantan da ke cibiyar tayar baya. A baya sun yi kunnen doki, a gaba ne aka sha bamban da haƙora huɗu. Tambayar ita ce me haƙora huɗu ke iya yi, da kuma abin da ba za su taɓa iya yi ba.

Dutsen da matsakaicin lissafi ke ɓoye shi

Idan aka ce kaifin hawa kashi 10 ne cikin ɗari, ana nufin hanya tana ɗagawa da mita 10 a kowace mita 100 ta tafiya. Hawan Angliru, daga ƙauyen La Vega da ke Riosa, tsawonsa kilomita 12.5 ne, yana ɗaga mahayi da fiye da mita 1,200 zuwa tsayin kusan mita 1,570 daga doron teku, matsakaicin kaifinsa kuma ya ɗan haura kashi 10. Duk wanda ya tsaya ga wannan adadi na kashi 10 zai ɗauka cewa dutse ne mai wuya irin na sauran manyan duwatsun Turai, kuma a nan kuskuren yake farawa. Kilomita biyar na farko suna tsakanin kashi 7 da 8 ne. Daga nan hanya tana kwantawa na kusan kilomita guda a wurin da ake kira Vía Pará, har da ɗan gangare. Sai rabin ƙarshe, inda matsakaicin ya kai kashi 13, da wurare masu haura kashi 20, mafi tsananinsu shi ne Cueña les Cabres, mai kashi 23.5, kusan kilomita 3 kafin ƙarshe. Sauƙin rabin farko ne ke janyo matsakaicin ƙasa, alhali ƙafar mahayi ba matsakaici take takawa ba, mitar da ke ƙarƙashin tayarsa a wannan lokaci ita take takawa.

Ba a ranar aka fara sanin halin dutsen ba. An fara sa shi a Vuelta a 1999, lokacin da José María Jiménez ya cim ma Pavel Tonkov a cikin hazo ya ci zangon. A 2002 an hau shi cikin ruwan sama, motocin ƙungiyoyi suka maƙale a wurare masu kaifi, David Millar kuma ya tsaya dab da layin ƙarshe, ya cire lambarsa ya ajiye, ya ƙi tsallakawa don nuna rashin amincewarsa da yanayin tseren. A waɗannan shekaru na farko mahaya da dama sun ɗaura faranti uku a gaba, abin da a al'ada ake gani a kekunan matafiya masu ɗaukar kaya. Saboda haka a 2011 babu wata ƙungiya da za ta ce dutsen ya zo mata da ba-zata.

Abin da lambobin ke nufi a ƙafa

Lissafin ba shi da wuya. A raba haƙoran gaba da na baya, abin da ya fito shi ne yawan juyin da tayar baya za ta yi a duk juyin feda ɗaya. Kewayen tayar keken tsere kusan mita 2.1 ne. Giyar 34×32 tana ba da juyin taya 1.06, wato keke yana matsawa mita 2.23 a kowane juyin feda. Giyar 38×32 tana ba da 1.19, wato mita 2.49. Bambancin santimita 26 ne a juyi guda, ko kusan kashi 12 cikin ɗari.

Mu ɗauki misalin mahayin da nauyinsa da na kekensa ya kai kilo 78, yana hawan Cueña les Cabres da gudun kilomita 8 a awa. Domin ya riƙe wannan gudu a kan kaifin kashi 23.5, sai ya fitar da ƙarfin da ya kusa wat 400, kuma kusan dukkansa yana tafiya ne wajen ɗaga nauyi sama, domin a irin wannan gudu iska ba ta da wani tasiri. Wannan wat 400 ba ya canjawa ko wace giya aka sa. Abin da ke canjawa shi ne yadda ake raba shi. Mai 34×32 zai juya feda sau 60 a minti, yana danna ta da ƙarfin da matsakaicinsa ya yi daidai da nauyin kilo 36. Mai 38×32 zai juya ta sau 53 ko 54, yana dannawa da kusan kilo 40. Kamar mutum biyu ne da aka ba su hatsi iri ɗaya su kai rumbu a lokaci ɗaya: ɗaya yana yawaita sawu da ƙaramin kaya, ɗayan yana rage sawu yana ƙara wa wuyansa nauyi.

Kilo huɗu ba zai yi wa mai karatu kama da babban abu ba, amma matsakaici ne na zagayen feda baki ɗaya, kuma ƙafa ba ta turawa daidai a duk zagayen. Tana da ƙarfi lokacin da feda ke sauka, tana rasa shi kusan gaba ɗaya lokacin da feda ɗaya take can sama, ɗayar tana can ƙasa. A shimfiɗaɗɗiyar hanya wannan giɓi ba ya damun kowa, saboda gudun keke yana ɗauke mahayi ya wuce shi. A kan kaifin kashi 23 kuwa, keken da ke tafiyar kilomita 8 a awa zai tsaya cik a cikin kusan daƙiƙa ɗaya idan aka daina tura shi. Ke nan a kowane rabin juyi keken yana rage gudu, sannan mahayi ya sake tayar da shi, kuma gwargwadon jinkirin juyin feda, gwargwadon tsawon giɓin da nauyin tayarwar. Tsokar da ake matsa wa haka tana dogaro da sassanta masu saurin gajiya, kuma daɗewarta a ɗaure yana takura jinin da ke kawo mata iska. Mahayi yana da mafita ɗaya, wato ya miƙe tsaye a kan feda ya yi amfani da nauyin jikinsa, sai dai tsayuwar tana cin numfashi, tana kuma rage nauyin da ke kan tayar baya har ta riƙa zamewa idan kwalta ta jiƙe. Ƙwararrun mahaya sun saba hawan manyan duwatsu da juyi 80 zuwa 90 a minti. Juyi 60 ma ƙasa yake da abin da jikinsu ya saba da shi; juyi 53 ya ƙara nisanta su daga inda suke da ƙarfi.

Wiggins dogo ne, tsawonsa mita 1.90, ya taso ne a tseren fili mai zagaye, kuma ƙarfinsa yana cikin zama daram a kan sirdi yana juya feda da sauri ba tare da sauya salo ba. Mahayi irin wannan shi ya fi kowa buƙatar giya mai sauƙi a wuri irin Cueña les Cabres, domin tsayuwa da jijjiga keke ba aikinsa ba ne. A ganina wannan shi ne nauyin kuskuren: giyar da aka zaɓa ta tilasta masa ya hau dutsen da salon da ba nasa ba, a daidai wurin da aka yanke hukuncin jar riga.

Akwai dalilin da ya sa lamarin ya kasance haka. Wiggins da Froome suna amfani ne a lokacin da farantan Osymetric, waɗanda ba zagayayyu ba ne, an yi su da faɗi ta wani gefe da matsewa ta wani gefen, da nufin feda ta wuce giɓin nan da sauri. Faranti mai irin wannan siffa yana da iyakar ƙanƙantar da zai iya yi, domin matsattsen gefensa dole ya tsallake kusoshin da ke riƙe shi. Ga kuma al'ada. Shekaru da dama ma'aunin keken ƙwararru shi ne 53 da 39 a gaba, a kan kusoshin da faɗin da'irarsu milimita 130 ne, wanda ba ya karɓar farantin da ya gaza haƙora 38. Sai an koma da'irar milimita 110 ake iya ɗaura 34, kuma a wancan zamani mahaya da yawa suna kallon wannan ƙaramin tsari a matsayin kayan masu koyo. Wannan kallo ya daɗe yana cutar da gwiwoyin mutane, ƙwararru da waɗanda ba ƙwararru ba, kuma babu wata hujja ta lissafi da ke bayansa.

Iyakar abin da za a ɗora wa giya

Adalci ya wajabta a faɗi sauran labarin. Cobo ya kammala wannan Vuelta a matsayi na ɗaya, da tazarar daƙiƙa 13 tsakaninsa da Froome, Wiggins ya zo na uku. A 2019 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta same shi da laifin karya dokar hana amfani da abubuwan ƙara kuzari, bisa sauye-sauyen da aka gani a bayanan jininsa, aka soke nasarar, aka mayar wa Froome da kambun, zangon Angliru kuma ya koma hannun Wout Poels da ya zo na biyu a ranar. Bayan wannan hukunci, duk wanda ya ce haƙora huɗu ne suka ba Cobo daƙiƙa 81 a kan Wiggins ya faɗi abin da ba zai iya tabbatarwa ba. Haka kuma Wiggins ya karya ƙashin da ke tsakanin wuyansa da kafaɗarsa a tseren zagaye ƙasar Faransa, wato Tour de France, a watan Yulin shekarar, ya zo Sifaniya ne daga jinya. Froome, wanda giyarsa ɗaya da ta Wiggins, kuma ya ɓata ƙarfinsa yana yi wa jagoransa hidima kafin ya wuce shi, ya riga shi isa da daƙiƙa 33.

Hukuncin da nake ganin ya fi kusa da gaskiya shi ne cewa giya ba ta ƙara wa kowa ko da wat ɗaya. Aikinta shi ne ta bar mahayi ya fitar da ƙarfin da yake da shi a juyin da jikinsa ya fi iyawa, ko ta hana shi. Soke nasarar Cobo bai taɓa lissafin mita 2.23 da 2.49 ba. Ko da babu Cobo a tseren, Wiggins zai hau Cueña les Cabres ne da juyin da ya yi masa ƙasa, kuma hanyar kauce wa hakan tana nan a hannun makanikai tun daren jajibiri.

Farashin da ake biya a sarari

Babu giya mai sauƙi da take zuwa kyauta, kuma mafi yawan kilomita 142 na wannan zango ba a kan Angliru aka yi su ba. Farashin yana zuwa ta hanya biyu. Ta farko a gaba take: na'urar da ke ɗaga sarƙa daga faranti zuwa faranti ba ta son ratar da ta wuce haƙora 16, shi ya sa 34 ke tafiya da 50, 36 ke tafiya da 52, 39 kuma da 53. Wanda ya zaɓi 34 ya rage babban farantinsa ke nan. Amma idan aka auna, asarar ba ta taka kara ta karya ba. Giyar 53×11 a juyi 100 tana ba da kusan kilomita 61 a awa, 50×11 tana ba da 57. Gudun da ya wuce haka sai a gangare, kuma a gangare mai yawan kwana irin na dutsen Cordal, wanda ake sauka daga kansa kafin a kama Angliru, birki da iya shan kwana ne ke raba gardama. A tafiyar sarari kuwa bambancin yana ɓacewa baki ɗaya, domin 50×16 da 53×17 kusan abu ɗaya ne, kowacce tana ba da kimanin kilomita 35 a awa a juyi 90.

Hanya ta biyu a baya take, kuma ita ce ta fi taɓa mai tafiyar sarari. Yawan farantan baya ƙayyadadde ne, don haka duk lokacin da aka ƙara babba a ƙarshe, sai an cire wani a tsakiya. A jerin farantan kamfanin kayan keke na Shimano mai farantai 11, na 11-28 yana tafiya 11, 12, 13, 14, 15, 17, na 11-32 kuwa yana tafiya 11, 12, 13, 14, 16, 18. Mahayin da ke juyi 90 a kan 16, idan ya sauya zuwa 14 bai ƙara gudu ba, juyinsa zai faɗo zuwa 79. Da akwai 15 a tsakani, da a 84 zai tsaya. Ga ƙwararren da ke cikin ayari mai gudun kilomita 45 a awa, wanda ba shi ke zaɓar gudun ba, wannan tsalle yana da ciwo, kuma shi ne dalilin da ya sa ƙungiyoyi ke sauya jerin farantai daga zango zuwa zango. Ga mai hawa shi kaɗai ko tare da abokai ƙalilan, wanda zai iya ƙara ko rage kilomita ɗaya a awa yadda ya ga dama, tsallen ɗan rashin jin daɗi ne kawai. Rashin giya mai sauƙi a tsakiyar tudu kuwa yana iya saukar da mutum daga keke ya koma turawa. Waɗannan asara biyu ba nauyinsu ɗaya ba, kuma bai kamata a auna su kamar daidai suke ba.

Idan aka sauko da lamarin kan mahayi na yau da kullum, darasin yana ƙara fitowa fili. Mutumin da nauyinsa da kekensa ya kai kilo 85, wanda ke iya riƙe wat 200 na dogon lokaci, zai hau tudu mai kashi 10 da gudun kusan kilomita 8 a awa, wato gudun da muka ba ƙwararren a kan kashi 23.5. Ma'ana, kashi 10 a wurinsa shi ne Cueña les Cabres ɗinsa. Da tsohuwar giyar 39×25 zai yi juyi 41 ne kacal a minti. Da 34×28 zai yi 52, da 34×32 zai yi 60, da 34×34 zai yi 63. Sai ya sauka zuwa 30×34 kafin ya kai juyi 72, inda gwiwa ke samun sa'ida. Abin lura shi ne 34×28, wadda ta daɗe tana zuwa a kan sabbin kekuna a matsayin giyar hawa, tana jefa shi cikin halin da ya fi na misalin 38×32 muni, alhali ƙarfinsa rabin na ƙwararren ne. Hanyar zaɓi ita ce mutum ya fara da wuri mafi kaifi da yake yawan bi, ya duba gudun da yake yi a can idan ya gaji, ba lokacin da yake da sabon ƙarfi ba, ya mayar da gudun zuwa mita a minti, ya raba shi da juyi 70, sannan ya raba abin da ya samu da 2.1. Sakamakon shi ne rabon da giyarsa mafi sauƙi ya kamata ta kasance a kai. A misalinmu, mita 133 a raba da 70 a sake rabawa da 2.1 yana ba da 0.9, wato farantin baya ya fi na gaba girma.

Masana'antar ta bi wannan lissafi daga baya. A 2021 Shimano ya fitar da kayan giyarsa na Dura-Ace mai farantai 12 a baya, tare da jerin 11-34 da ke fara tafiya haƙori ɗaya-ɗaya daga 11 har 15, wanda ya rage tsallen tsakiya sosai. A tseren zagaye ƙasar Italiya, wato Giro d'Italia, na 2023, a hawan Monte Lussari da aka yi da agogo mutum ɗaya-ɗaya, Primož Roglič ya hau keke mai faranti guda a gaba da jerin 10-44 a baya, irin wanda aka ƙera don hanyoyin tsakuwa. Sarƙarsa ta zame a tsakiyar hawan, ya sauka ya mayar da ita, duk da haka ya ci zangon, ya kuma karɓe gasar daga hannun Geraint Thomas da daƙiƙa 14.

Ga wanda zai yi sauyin a kekensa, akwai abubuwan da mai gyara zai duba kafin a sayi komai. Kowace na'urar sauya giya ta baya tana da iyakar farantin da za ta iya hawa. A Shimano 105 mai farantai 11, samfurin R7000, mai gajeren hannu tana tsayawa a haƙora 30, mai matsakaicin hannu tana kai wa 34. Tana kuma da iyakar rarar sarƙar da za ta iya tattarewa, wadda ake samu ta haɗa ratar gaba da ta baya: 50 da 34 suna ba da 16, 34 da 11 suna ba da 23, jimilla 39, kuma wannan shi ne daidai abin da mai matsakaicin hannun ke ɗauka. Babban faranti yana buƙatar sarƙa mai ƙarin tsawo, don haka tsohuwar ba za ta wadatar ba a mafi yawan lokuta. Kafin a hau hanya, a ɗaga tayar baya, a sa sarƙar a kan babban farantin gaba da babban na baya a lokaci guda, a juya feda da hannu. Idan hannun na'urar ya miƙe har ƙarshe babu sauran lanƙwasa, sarƙar ta yi gajarta, kuma ranar da mahayi ya shiga wannan giya bisa kuskure a tsakiyar tudu, na'urar ce za ta karye ko ta faɗa cikin wayoyin taya.